Notin kofin kafireta ya cinye, sukundireba ba ta kama shi, ina mafita?

Ɗan Acaɓa Yalwa:
Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah shawara nake nema cikin gaggawa. Mashin ɗina mai injin CG ne, yau kwana uku kenan in na tsaya ɗaukar fasinja sai ya mutu, silo ba ya zama sai na riƙe totur, da safe kuma sai na yi kik ya fi goma kafin ya tashi. Sai nace bari in buɗe kofin kafireta in wanke da kaina tunda na sha zama ina kallo ana yi. Notikan waje sun fita lafiya lau, saura ɗaya na can ciki ta ɓangaren inji, sukundireba ba ta shiga a miƙe sai a karkace, na murɗa ta zame, na sake murɗawa ta zame, yanzu kan notin ya koma kamar rami, sitan ya cinye gaba ɗaya. Mashin ɗin ba nawa bane balas nake kaiwa kullum, yau ko fita ban yi ba. Ya zan yi?

Bakanike Wunti:
Wa alaikumus salam. Abu na farko ajiye sukundireban nan, kar ka sake taɓa notin. Duk murɗawa ɗaya da ka ƙara ƙarfen da ya rage kake cinyewa. Tambaya, kafiretar tana jikin mashin ko ka sauke ta?

Ɗan Acaɓa Yalwa:
Tana jiki Oga, ban sauke ba, ina tsoron in kwance in kasa mayarwa

Bakanike Wunti:
To ai nan matsalar take. Wannan notin ba a yi shi dan a kwance shi a jikin mashin ba, balle irin naku mai sitata da ke zaune a ƙarƙashin kafireta ta cinye wajen gaba ɗaya. Kai tsoron sauke ta kake, alhali sauke ta shine aiki mafi sauƙi a cikin duka abin. Rufe mai daga tanki, zare tiyon, sassauta kilif ɗin robar da ta taho daga filtar iska, kwance murfin sama da hannu ka zaro silaid ɗin da allurarsa a hankali ka rataye shi inda ba zai taɓa ƙasa ba, saura noti biyu masu lamba 10 da suka riƙe ta da inji. Shikenan ta fito. Minti goma bai cika ba in hannu ya saba. In ta zo hannunka ka kifa ta akan katako, notin da ke ɓoye yanzu yana kallonka ido da ido, ka danna daga sama da nauyin jikinka.

Wlh kusan duk notin kafiretan da aka kawo min ya cinye, in na tambaya sai in ji a jikin mashin aka yi ta fama da shi dan gudun kwance noti biyu.

Na Tashar Dukku Gombe:
Oga na Wunti gaskiya ka faɗa amma ba duka ba. Ba kowane mashin ne sai an sauke ba. Akwai kafiretar da roba ce ta riƙe ta gaba da baya da kilif, wannan kam sassauta kilif biyun kawai zaka yi ka juya ta gefe, gindin kofin ya leƙo waje, ka kwance abinka ka mayar. Mu nan muna yi kullum, mutum yana sauri fasinja na jira ba zaka ce sai ka wargaza masa komai ba. Amma tasa tunda mai noti biyu ce a jikin inji ba ta juyuwa, dole saukewa, nan na yarda.

Kuma ka gaya masa gaskiya, notin lamba 10 na ciki shi ma ɗan rigima ne, sifana mai baki buɗe tana zamewa ta cinye kusurwa. Ya nemi mai zobe siririya.

Bakanike Wunti:
Haka ne, mai zobe. In kuma wajen ya matse ka ɗan sassauta na waje tukuna kar ka cire shi duka, sai ka koma na ciki, kana yi kana jan kafiretar baya kaɗan kaɗan.

Ɗalibin Gwallameji:
Salam. Ni ba bakanike bane, ɗalibi ne a Poli, amma akwai abin da na koya da ya canza min komai akan notikan nan kuma ban cika jin ana faɗinsa a gareji ba. Ba duk noti mai sita bane iri ɗaya ko da ido ya nuna maka haka. Sukundireban da muke saya a kasuwa yawanci samfurin Phillips ne na Amurka, shi kuma mashin na Japan da kafiretocinsu irin Keihin da Mikuni da nasu ma'aunin suke aiki wanda ake kira JIS. CG ɗin nan asalinsa na Honda ne tun 1975, waɗanda muke hawa yanzu na China akan tsarinsa aka kwaikwayo su. In ka duba kan notin da kyau, wani zaka ga ɗan ɗigo guda a gefen sitan kamar an buga da ƙusa, wannan alamar JIS ce.

Bambancin shine bakin Phillips ya fi tsini kuma lungunansa a lanƙwashe suke, to sai tsinin ya riga taɓa ƙasan ramin kafin fukafukan su zauna daram, da ka murɗa sai ta yi sama ta fito tana gatsar ƙarfe. Shi ya sa mutum zai rantse ya danna da ƙarfi amma tana zamewa. Wanda ba shi da ta JIS, ya ɗauki mai lamba 2 ya goge tsinin a dutse ko da magagari kamar milimita ɗaya, zai ga ta zauna ba ta rawa. Sannan a kula, akwai wata da aka rubuta PZ2 a jiki mai ƙananan layuka tsakanin fukafukan, ta kafintoci ce, ita ce ma ta fi saurin kashe notin mashin. PH2, wato Phillips mai lamba 2, ake nema in ba a samu JIS ba.

Baba Tsohon Hannu:
Yaro Allah ya yi maka albarka. Mu ba mu san sunansa ba amma mun san aikin. Tun muna yara a gareji maigidanmu ba ya barin sabuwar sukundireba ta taɓa kafireta sai ya kai ta dutse ya rage mata baki. Kuma wacce take zuwa cikin jakar kayan mashin na Japan, yar ƙarama mai kai biyu da mutane ke rainawa, ta fi manyan na kasuwa kama notin, ni har yau akwai guda a aljihuna ba na ba da aronta.

Ga gwajin da ake yi. Ka sa bakin a kan notin ka saki hannu kaɗan ka girgiza. In tana rawa ba tata bace, canza. Wadda ta dace zaka ji ta cije, wani lokaci har notin ya biyo ta in ka ɗaga. Kuma ƙarfin hannu kashi biyu ne, mafi yawa na dannawa ne, kaɗan ne na murɗawa. Yaran yanzu sun juya abin, murɗawa da ƙarfi dannawa ba komai.

Ɗan Acaɓa Yalwa:
Na gode Baba, na gode kowa. Na sauke ta yanzu Alhamdulillah, notin cikin ya ɗan wahalar dani amma na ari mai zobe wajen maƙwabci. Ga ta a gabana akan benci. Amma fa kan notin ya riga ya mutu, ko na goge sukundireba babu abin da zata kama. Wani a layinmu yace in kai wa mai walda ya ɗiga masa ƙarfe a kai a murɗe

Bakanike Wunti:
Kar ka kuskura. Kafireta da fetur a cikinta ka kai wajen wuta? Ko ba ta kama ba zafin zai narkar da fulot, abin nan da ke yawo a kan mai cikin kofin, da robobin ciki, jikinta ma ba ƙarfe bane mai jure wuta. Waldan nan a kan notin salansa ko na inji ake yinsa.

Bi wannan a jere, in ɗaya bai yi ba ka wuce na gaba. Mayar da notikan da ka cire ka ɗaure su daidai, saboda yanzu duk nauyin kofin da matsin fakin, wato robar bakin kofin, akan wannan ɗayan yake, in sauran suka karɓi kaya shi zai ɗan saki. Ɗiga masa kananzir ko WD-40 ta wajen da zaren ya leƙo ta sama, ka bar shi ya sha kamar rabin awa, je ka yi sallah ka dawo. Sai ka ɗora sukundireba a kai ka ɗan bubbuga gindinta da ƙaramar guduma, ba duka ba, bubbugawa, dan tsatsar da ta haɗe su ta karye. Amma ka tabbata kunnen kafiretar da notin ke ciki yana zaune akan katako, in yana lilo a iska zai ɓalle. Daga nan kan notin ai a waje yake mai tudu, kama shi ta gefe da filaya mai kulle ka matse sosai ka murɗa shi kaɗan zuwa hagu. Da ya yi ƙas sau ɗaya ya gama, sauran da yatsa ma zai fita.

Na Tashar Dukku Gombe:
In babu filaya mai kulle, ruwan zarto. Yanka layi ɗaya a tsakiyar kan notin ya koma filat, sai ka sa babbar sukundireba filat wadda ta cika layin. Ni wannan na fi yi. Kawai ka kula kar zarton ya ci jikin kofin.

Wani abu kuma da ban ga an faɗa ba, ga notin da bai gama mutuwa ba, ɗan shafa man garandin bawul a bakin sukundireba, yashin da ke ciki yana sa ta cije. Ko toka mai laushi da ɗigon baƙin mai tana taimakawa.

Yaron Shago:
Oga mu a shagonmu man birki muke zubawa yana saki da wuri

Baba Tsohon Hannu:
Yana saki amma yana cin fenti kuma yana kumbura robobin kafireta, dan ba irin robar birki bace. Akan notin ƙafa ko na salansa ka zuba abinka. Nan kananzir ya isa. In kuma ya ƙi, tafasa ruwa a sauke daga wuta a kai nesa, a tsoma wajen notin kaɗan bayan an tsiyaye fetur ɗin tas. Jikin kafireta ya fi notin saurin buɗewa da zafi, sai ya sake shi. Ba a sa mata wuta, ruwan zafi kawai.

Ɗalibin Gwallameji:
Wannan maganar Baba haka take a littafi ma, alminiyon yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe. Kuma farin garin nan da ake gani a zaren notin in ya fito, haɗuwar ƙarfe iri biyu ne da danshi ke kawo shi, shi ya sa mashin da ke kwana a waje da damina notinsa ya fi kamewa.

Malamin Firamare Dass:
Ina bin muhawarar nan tun ɗazu, ku bari in faɗi abin da ya same ni dan wani ya amfana. Bara na kai mashin ɗina wajen wani mai gyara a hanya, ba zan faɗi wajen ba, irin wannan notin ya ƙi fita, kafin in ce wani abu ya ɗauko sukundireban duka wadda ake bugawa da guduma ya ɗora kafiretar akan dutse ya maka mata. Notin ya fita kam, amma kunnen kofin ya tsage, tun daga ranar mai ke ɗiga a hankali, ina ajiye mashin a zaure da safe duk gidan warin fetur, ga yara ga risho. Ya liƙa gam ya riƙe sati biyu ya sake. Ƙarshe sai sabuwar kafireta na saya kuma har yau ba ta kai ta asalin daɗi ba. Abin da ya fi min ciwo notin da bai kai komai ba ya jawo wannan asarar, da an yi haƙurin rabin awa da ba haka ba.

Na Tashar Dukku Gombe:
Allah ya mayar da alheri Malam. Amma kar a ɗora wa kayan aikin laifi, sukundireban duka tana da amfani sosai, murfin inji da ita muke kwancewa. Wanda ya riƙe ta ne bai san inda ake sa ta ba. Ko a kafireta ina amfani da ita amma bugu ɗaya mara nauyi akan katako.

Bakanike Wunti:
Ni kam na hana yarana, a kafireta babu ita sam. Kai ka san nauyin hannunka, yaro bai sani ba.

Ɗan Acaɓa Yalwa:
Ya fita!! Alhamdulillah. Na mayar da sauran na ɗaure kamar yadda Oga yace, na zuba kananzir na je la'asar na dawo, filaya mai kulle ta kama shi sau biyu tana zamewa na uku naji ƙas. Zaren duk farin gari. Cikin kofin kuma wlh kun ga abin da ke ciki, jan laka kamar an kwaɓa kunun kanwa ga ruwa ruwa a ƙasa yana yawo daban da fetur. Yanzu jet ɗin, yan notikan nan masu rami da mai ke bi ta ciki, nake son cirewa, babban na gani a fili, ƙaramin kuma yana can cikin wani rami siriri sukundirebata ba ta shiga

Baba Tsohon Hannu:
Madalla ɗana. To yanzu ka zo inda ake kuka, ka nutsu. Wannan ƙaramin shine na silo kuma shine ciwon mashin ɗinka, raminsa kamar gashi yake, ƙura kaɗan ta toshe shi. Tagulla ne, ya fi notin da ka gama fama da shi laushi nesa ba kusa ba. In ka tura sukundireba mai faɗin kafaɗa zata ci zaren ramin, in ka sa ƙarama sosai zata fasa bakin jet ɗin gida biyu, kuma in ya fashe a can ciki babu filayar da zata kai gare shi. Sai ka samu filat wadda kaurin bakinta ya cika tsagar, ka goge gefe da gefenta a dutse har ta zama siririya ta shige ramin ba ta taɓa bango. Kowane bakanike na kirki yana da guda da ya yi wa wannan aikin kaɗai. Ka danna, ka murɗa sau ɗaya da niyya, kar ka yi ta lallaɓawa tana zamewa.

In ya fito ka ɗaga shi sama ka kalli rana ta ciki. In ba ka ga haske zagaye ba a toshe yake. Kar ka sa allura, kar ka sa silin wayar kuloci, ƙarfe ne zai buɗa ramin mashin ya koma shan mai har abada. Silin wayar wuta guda ɗaya na jan ƙarfe ko gashin burushi, sannan fetur mai tsabta da iska.

Mai Kayan Gyara Muda Lawal:
Jan lakan nan daga tanki ne da man bumburutu, jarka da mazurari duk ƙura, ga hazo ya fara. Sa ɗan filtan mai a tiyo tsakanin tanki da kafireta, abu ne mai araha. Kuma akwai noti a gindin kofin na tsiyaye ruwa, shi a waje yake ba sai an kwance komai ba, duk sati biyu ka sassauta shi ruwan ya fita musamman da damina, da ba ka kai ga buɗe kofin ba ma.

Notin da ya mutu kar ka mayar dashi. Zo da shi a hannu a auna maka. Kaurin zaren yawancinsu M4 ne wasu M5, ka canza su duka zuwa masu kan alanki, M4 alanki lamba 3 yake ci M5 kuma lamba 4. Alanki a lanƙwashe yake yana shiga inda sukundireba ba ta shiga, akwai ma mai kan ƙwallo da ke murɗawa a karkace. Ka huta da maganar sita gaba ɗaya. Tsayin dai ya zama ɗaya da na asalin.

Baba Tsohon Hannu:
Alankin nan ina da magana a kansa. Yana da kyau wajen kwancewa, wajen ɗaurewa ne yake ɓarna. Sita in ka matsa da yawa zamewa take ta cece ka, alanki ba ya zamewa, sai dai zaren jikin kafiretar ya biyo shi. Na ga kofi da yawa da aka ɗaure da waya saboda haka. Noti in ya mutu ana canza shi, zaren jiki in ya tafi sai an sake hudawa ko a sayi wata. Wanda zai sa, ya riƙe alankin ta gajeren ɓangaren da yatsa biyu, da ya ji ya zauna ya ƙara ɗan kaɗan ya tsaya. Robar kofin ce ke hana yoyo ba ƙarfin ɗauri ba. Ya kuma shafa ɗan giris a zaren.

Mai Kayan Gyara Muda Lawal:
Na karɓa Baba, wannan gaskiya ne

Ɗan Acaɓa Yalwa:
Jet ɗin silo ya fito, a toshe yake ɗif ko ɗigon haske babu, yanzu na buɗe shi ina ganin rana ta ciki. Saura tambaya ɗaya. Akwai wani noti na tagulla a ƙasa gaban kofin ta wajen inji yana kallon ƙasa, shi ma in cire in wanke? Dan wani ya taɓa ce min shine na rage shan mai, tun da aka cire tallafi a 2023 kowa a tasharmu sai ya sa an ɗaure masa shi

Bakanike Wunti:
Tsaya tukuna kar ka kwance. Kafin ka cire shi, murɗa shi ciki a hankali kana ƙirgawa, rabi, ɗaya, ɗaya da rabi, har ka ji ya taɓa, taɓawa kawai kar ka matse dan bakinsa siriri ne kamar allura, in ya karye a ramin kafiretar ta gama aiki. Rubuta adadin a waya. Sannan ka fito dashi. A bayansa akwai sifirin da yar ƙaramar washa da yar roba zagaye, sau da yawa washar da robar suna maƙalewa a ciki sai ka zo busawa su yi tsalle. Shimfiɗa farin buhu ko tire a ƙasa, in suka faɗa yashi ko ka tara yaran unguwa ba za a gansu ba, mayen ƙarfe ma ba ya ɗaukar roba da tagulla. Wajen mayarwa sifirin ne farko a jikin notin, sai washa, sai roba a ƙarshe.

Maganar rage shan mai kuma ita ce ke ƙona min rai. Wannan notin man silo da ɗan buɗin totur na farko kawai yake sarrafawa. Irin naka da ke ɓangaren inji, ciki rage mai ne waje ƙara mai. Wanda nasa ke ɓangaren filta na iska ne, shi akasin haka yake. In ka ɗaure shi da yawa mashin zai ƙi tashi da safe, yana mutuwa a tsaye, yana tari in ka saki totur, inji yana zafi, fulogi ya yi fari fat. Man da ka ce ka rage ka ƙone shi wajen riƙe totur a kowane tsayawa. Mutum ya zo yace Oga ɗaure min, in ka ƙi ya tafi wajen wani.

Na Tashar Dukku Gombe:
Oga a nan kam sai an yi wa yan acaɓa uzuri, mutum ya wuni a rana rabin abin da ya samu ya tafi gidan mai, dole ya nemi dabara. Kuma wasu mashinan da gaske a buɗe suke da yawa, hayaƙi baƙi fulogi baƙi, in ka rage musu kwata ko rabi suna gyaruwa. Matsalar masu ɗaurewa ido rufe ne. Ni abin da nake ce musu wanke filtar iska da duba iskar taya da jan sarka ya fi wannan notin rage mai.

To amma ga inda maganarka ta a sauke a sauke ba ta aiki. Wannan notin dole sai mashin yana kunne ya yi zafi ake saita shi, a jiki, ga shi yana kallon ƙasa ga sitata ga inji kamar garwashi. Nan fa sai dabara.

Bakanike Wunti:
Nan na sallama, shi kaɗai ne ake yi a jiki. Ni guntun bakin sukundireba nake amfani da shi irin wanda ake sawa a dirila, filat, na tura gindinsa cikin guntun tiyon mai dan yatsa ya samu abin riƙewa, duka tsayinsa bai wuce gaɓar yatsa biyu ba. Na yi masa alama da fenti a gefe ɗaya dan in san zagaye nawa na yi tunda ido ba ya gani.

Baba Tsohon Hannu:
Mu da sipok ɗin taya muke yi, a buga bakinsa ya yi faɗi a goge a lanƙwasa. Da guntun madubi a ƙasa kana ganin tsagar. Yanzu kuna da waya, kunna kyamarar gaba ka ajiye akan inji ta nuna maka. Ka sa tsumma a bayan hannu saboda zafi.

Saitin kuma da kunne ake yi. Mayar dashi inda ka same shi, in ka ga an ɗaure shi sosai fara daga zagaye biyu waje. Zaga unguwa inji ya yi zafi. Ɗan ɗaga silo da babban notin gefe mai sifirin. Sai ka riƙa juya na ƙasan kwata kwata, kowane juyi ka jira kaɗan ka saurara, inda ƙarar ta fi tashi ta kuma zauna daidai ba rawa nan ne wajensa. Sannan ka sauke silo da na gefen. In sai da ka wuce zagaye uku kafin ya yi daɗi, to jet ɗin bai wanku ba ko iska na shiga ta wani waje, kuma a haka notin zai iya zubewa a hanya.

Yaron Shago:
Baba wajen mayar da silaid fa, ni ranar nan na sa ya ƙi sauka mashin ya tashi da ihu

Baba Tsohon Hannu:
Ka juya shi ne. Doguwar tsagar tana bin ɗan ƙarfen da ke cikin ramin, yankakken gefen gindinsa yana kallon filta. Kafin ka yi kik murɗa totur ka saki, dole ka ji ya faɗo ƙasa ƙwas. In ba ka ji ba kar ka tayar. Da murfin saman da duk wani noti na jikin kafireta, fara da hannu, juya baya kaɗan har ka ji zaren ya faɗa gurbinsa sannan ka yi gaba.

Ɗan Acaɓa Yalwa:
Jama'a na gama, yanzu na shigo daga gwaji na je har unguwar Gidan Mai na dawo. Notin ƙasan da na ƙirga ashe rabin zagaye kawai yake a buɗe, wanda ya riƙe mashin ɗin kafin ni ne ya sa aka ɗaure. Na mayar biyu, da ya yi zafi na yi yadda Baba yace da guntun baki a tiyo da kyamarar waya, ya fi daɗi a biyu saura kwata. Kik ɗaya yake tashi, na tsaya a mahaɗa na saki totur gaba ɗaya yana ta bugawa abinsa. Hannuna ya ɗan taɓa inji ya tashi amma ba komai. Kofin noti ɗaya babu a ciki tunda ban mayar da mataccen ba, ba ya ɗiga dai amma hankalina bai kwanta ba. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya.

Bakanike Wunti:
Amin. Amma kar ka fita aiki da noti babu, girgizar hanya zata buɗe gefen, fetur ya sauka kan inji mai zafi da sitata. Rufe mai daga tanki yau da dare. Sannan notin lamba 10 biyun nan ka duba ka ɗaure su daidai wa daida, kaɗan nan kaɗan can, in ɗaya ya fi matsuwa fuskar tana lanƙwashewa iska ta riƙa shiga.

Mai Kayan Gyara Muda Lawal:
Ka biyo da safe da mataccen notin a aljihu, ina buɗewa ƙarfe takwas, sai a haɗa maka da filtan mai.

Baba Tsohon Hannu:
In ka yi kwana biyu kana aiki ka cire fulogi ka ɗauko hotonsa ka sa mana a nan. Kalar ƙasa ƙasa muke nema kamar shayi da madara. In ya yi fari ka ƙara buɗe kwata.

Ɗan Acaɓa Yalwa:
To Baba in sha Allah. Gobe Muda Lawal zan fara zuwa kafin in ɗauki kowa, jibi da yamma zan turo hoton.